Alt ya daina ɗauko kala: abin da ya faru a wani shagon hoto a Birnin Kebbi

Shagon da yadda ake aiki cikinshi

Shagon ƙarami ne, nan cikin Birnin Kebbi ba nisa da babbar kasuwa, irin waɗanda ake komi da komi ciki: fasfo, wankin hoto, gyaran tsohon hoton da ruwa ya taɓa, katin biki, banna, satifiket na ɗaliban da sunka sauke Alƙur'ani. Maigidan dattijo ne, tun zamanin fim da ɗakin duhu yake sana'ar, yanzu shi nashi karɓar aiki da ciniki da kwastoma. Aikin kwamfuta wani saurayi ke yi, ya yi difloma a foliteknik ta Waziri Umaru, hannunshi na da sauri sosai.

Na'urar laftof ce tokumbo, Windows 10, allo inci 14, da manhajar gyaran hoto Photoshop ta 2020. Sabida allon ƙarami ne kullum sai ya danna F sau biyu ya shiga cikakken allo, komi ya ɓace sai hoto kawai, ba akwatunan gefe ba layin ƙasa na Windows mai agogo. Hannun hagu kan kibod, na dama kan maus, haka yake wuni.

Ga wanda bai san aikin ba, Photoshop kala biyu yake riƙewa a lokaci guda, ta gaba da ta baya. Ta gaba ita burushi ke shafawa, ita maɓallan Alt da Backspace ke cika wuri da ita, ta baya kuma Ctrl da Backspace. X na musanya su, D na maida su baƙi da fari. Matsotsin kala, wanda 'yan shago ke ce ma aidirofa, harafin I ke kiranshi, amma mai gyaran fuska ba ya tsayawa kiranshi, shina cikin burushi sai ya riƙe Alt ya taɓa wurin da yake son kalarshi ya saki ya ci gaba da shafa. A fuska guda sai ya yi haka ba adadi, don kalar goshi daban ta kumatu daban ta ƙarƙashin ido daban. Sai kuma wata dabara da yaron bai jima da koya ba, ka riƙe Shift da Alt ka danna maus na dama, faifan kaloli ya fito maka nan kan hoton ka zaɓa, wadda tun fitowar CS5 ta 2010 take cikin Photoshop. Ya so ta ƙwarai, ya mayar da ita abin yi kullum.

Farkon Sha'aban: aikin satifiket

Kowa ya san Sha'aban a garin ga, bukukuwa ake ta turawa kafin azumi, Islamiyyoyi kuma na ta walimar sauka. Wani malamin Islamiyya ya kawo aikin satifiket 64, sunan kowane ɗalibi da Larabci da boko. Da can in irin wanga aiki ya zo wani shago suke kai a buga masu Larabcin, wannan karon yaron ya ce shi zai yi da kanshi. Ya ƙara kibod ɗin Larabci cikin Windows, ya shiga saitin rubutu na Photoshop ya zaɓi World-Ready Layout don haruffan su haɗu su kuma tafi daga dama zuwa hagu, ya buɗe akwatin kala ya gyara kalar baya ta koma ruwan madara irin wadda malam ya nuna. Aiki ya yi kyau, malam ya sa albarka ya tafi ranar Alhamis.

Asabar: ranar da abin ya fito

Wata Hajiya ta kawo katin bikin ɗiyarta, guda 150, ta turo hoton atamfar anko ta WhatsApp ta ce rubutun katin da adon gefe su zama kalar atamfar sak, wani ja mai duhu da ya ɗan karkata zuwa ruwan goro. Yaron ya buɗe hoton, ya riƙe Alt ya taɓa atamfar, alamar matsotsin ta fito kamar kullum, ya koma kan kati ya cika adon da Alt da Backspace. Ja ya fito. Da dare ne, kuma dama jan wani katin da ya gama da rana shi ke gaba, to ido bai raba su ba. Anka buga duka 150.

Washegari Hajiya ta zo ta ɗora ƙyallen atamfar kan kati ta ce, "Alhaji wanga ba shi na ba, duba da kyau, nawa ya fi duhu." Maigida ya duba ya ga gaskiyarta, ya ba ta haƙuri ya ce za a sake, kuɗin takarda da tawada na shago.

Zargin farko kan firinta ya faɗa, kuma ba abin mamaki ba ne, allo da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, firinta kuwa da tawada huɗu, ja mai duhu na cikin kalolin da ke saurin kaucewa tsakaninsu. Sunka wanke kan firinta, sunka buga gwaji, kalolin gwajin lafiya lau. Sai da yaron ya koma gyaran wani fasfo ya lura ko ina ya tsotsa a fuskar, burushi kala ɗaya yake shafawa, ba ta canzawa sam. Kafin la'asar kuma wani sabon abu ya ƙaru, ya danna B shiru, ya danna I shiru, X shiru, can bayan ɗan lokaci su dawo da kansu, can su sake mutuwa. Ctrl da S na aiki, Ctrl da Z na aiki, haruffa zalla ne ke ɗaukewa suna dawowa.

Lahadi zuwa Litinin: kibod da jerin maɓallai

Ya kashe ya kunna, ba canji. Ya ce ƙura ce, don ƙurar hunturun da ta wuce ta shiga ko ina, ya kifa laftof ya kakkaɓe, ya bi ƙarƙashin maɓallai da buroshin haƙori. Ba canji. Ya aro kibod mai waya wajen maƙwabcinsu mai buga takardu ya jona, abu ɗaya, Alt na nuna matsotsi kala ba ta zuwa, haruffa na mutuwa suna tashi. A nan aƙalla an san ba ƙarfen ba ne.

Litinin ya shiga jerin maɓallan yanke na Photoshop, wanda Alt da Shift da Ctrl da K ke buɗewa, ya maida shi kan na asali. I na nan kan matsotsi, B na nan kan burushi, ba wanda ya taɓa su. Alt ɗin da ake riƙewa cikin burushi ma ba ya cikin jerin balle a ce wani ya canza shi. Ya duba ko Caps Lock ne, don in shina kunne da'irar burushi kan koma ɗan gicciye mutum ya rikice, a kashe yake. Ya duba Sticky Keys na Windows, mai sa Shift ko Alt ya zauna a danne ko an saki, da ke tashi in an danna Shift sau 5 a jere, a kashe. Ya duba ko matsotsin na kallon leya guda ce, watau shimfiɗa ɗaya cikin shimfiɗun hoton, wadda ba komi kanta, ya maida shi kan duka leyoyi. Wani abokin sana'a ya ce mishi ɓangaren na'urar da ke zana hoto a allo ne, sunka duba saitinshi, Use Graphics Processor, a kunne yake, kuma faifan kalolin nan na Shift da Alt da ya dogara da shi shina fitowa ba gardama.

Abu ɗaya ya gano da ya rage mishi wahala: in ya tsotsa ya danna X, kalar da yake nema sai ta fito a burushi. Bai tsaya tambayar dalili ba, aiki ya yi yawa, ya ci gaba da tsotsa, X, shafa, tsotsa, X, shafa. Da haka anka sake katin Hajiya ya fito daidai. Amma in haruffa sunka mutu X ma ta mutu tare da su, sai ya zauna jira ko ya rufe Photoshop ya buɗe.

Talata zuwa Alhamis: an goge saiti, an samu kwana biyu

Talata da safe ya riƙe Ctrl da Alt da Shift lokacin da Photoshop ke buɗewa, ya tambaye shi ko a goge fayil ɗin saiti, ya ce e. Alt ya dawo daidai nan take, tsotsa ɗaya kala ta zo burushi ba sai da X ba. Murna sosai, har maigida ya ce a sayo lemu. Mutuwar haruffa dai ba ta tafi ba, amma ya ɗauka ita ma za ta bi.

Gogewar ba kyauta ta zo ba. Ma'aunin ya koma inci daga santimita, tsarin akwatunan da ya jera ma kanshi ya watse, saitin Larabci ma ya tafi, wanda bai sani ba sai Alhamis da malam ya dawo da ƙarin sunaye 9 da anka manta, ya buga suna na farko haruffa sunka fito a rarrabe kuma a juye. Ya maida saitin, ya buɗe akwatin kala ya sake gyara ruwan madarar baya kamar wancan karon, ya buga satifiket ɗin. Da yamma ya koma kan fasfo, Alt ya koma gidan jiya.

Asabar ta biyu: sake ɗora Photoshop da maganar fomat

Ya cire Photoshop ya sake ɗorawa, data ta tafi, dare ya tafi, wajen cirewa an tambaye shi ko a bar mishi saitinshi ya ce a bari don bai son ya sake wahalar Talata. Ya buɗe, komi na nan yadda yake. Mai gyaran kwamfuta da anka kira ya bi ta da maganin bairos bai samu komi ba, duk da haka ya ce bairos ne mai ɓoyewa, a yi fomat kawai, a goge komi a sake ɗora Windows, a huta. Maigida ya tambaya ina hotunan mutane za su, na shekara uku suna ciki kuma ba su da kwafi ko ina. Mai gyara ya ce sai a nemo babban hadis, watau ma'ajiyar fayil ta waje, a kwashe. Maigida ya ce a dakata tukuna, shi ya kira ni, don ni ma wannan sana'ar nake yi kuma tare da yaron muke unguwa.

Lahadi: abin da anka gani

Ban taɓa komi ba da farko, na ce ya fita daga cikakken allo ya yi aikin yadda ya saba in gani, kuma mu raba ciwon biyu, na Alt daban na haruffa daban, don ba lalle uwarsu ɗaya ba.

Munka buɗe sabon fayil, munka zana akwati munka cika shi da ja tsantsa, ja 255, kore 0, shuɗi 0, wanda lambarshi FF0000, don kada ido ya yi muna gardama. Ya danna D, baƙi gaba fari baya. Ya ɗau burushi ya riƙe Alt ya taɓa jan. Ƙasan layin kayan aiki, inda murabba'i biyun nan suke, baƙin bai motsa ba, farin na baya ne ya koma ja. Ya yi shiru yana kallo sannan ya ce, "Yaya ashe shina ɗaukowa, baya yaka kai ta."

Haka ne. Matsotsin bai taɓa daina aiki ba, ƙwarya biyu ce gabanshi yana ta zuba furar cikin wadda ba a sha. Cikin akwatin kala, wanda F6 ke buɗewa, akwai ƙananan murabba'i biyu na gaba da na baya, duk wanda ka taɓa na ƙarshe shi ke da ɗan siririn zobe kewaye da shi, kuma shi ne matsotsi ke zuba ma kala. Zoben siriri ne ƙwarai, a allo inci 14 sai ka kusanto da ido. Ranar satifiket ya taɓa na baya don ya gyara ruwan madara, zoben ya zauna can, shi kuma ya danna F sau biyu akwatin ya ɓace mishi daga gani. Dalilin da ya sa X ke ceto kenan, tana jawo ta bayan ta kawo gaba. Dalilin da ya sa gogewar Talata ta yi aiki kenan, ta maida zoben gaba, Alhamis kuma ya sake maida shi baya da hannunshi wajen sunaye taran nan. Ya taɓa murabba'in gaba sau ɗaya, ya gwada, ja ya zo burushi.

Na haruffa ya fi ɗaukar lokaci don ba ya zuwa sai ya ga dama. Munka kunna kibod ɗin kan allo na Windows da maɓallin Windows da Ctrl da O, munka aje shi gefe, na ce ya ci gaba da gyaran wani hoto. B na aiki, I na aiki, minti kusan goma ba komi. Sai ya riƙe Shift da Alt ya danna dama ya zaɓi kala a faifan nan nashi, yana sakin yatsu haruffan kibod ɗin kan allo gaba ɗaya sunka rikiɗe Larabci, can kusa da agogo alamar harshen rubutu ENG ta koma ع. Ya danna I, shiru. A tsarin Larabci maɓallin I harafin ه ne, B kuma لا, Photoshop ɗin da ke kan na'urar shina jiran I da B bai san da waɗannan ba. Ya sake kiran faifan ya saki, komi ya koma boko, haruffa sunka tashi.

Alt na hagu da Shift shi ne abin da Windows ke canza harshen rubutu da shi tun asali, danna maus a tsakani kuma bai hana shi ƙirgawa. Da can harshe ɗaya ne kan na'urar, ko ya danna ba inda za a koma, shi ya sa ya yi makonni da dabarar lafiya. Ranar da Larabci ya shiga ne haɗin ya samu aikin yi. Kira na farko ya kashe haruffa, na biyu ya tashe su, na uku ya kashe, shi kuwa layin ƙasa a ɓoye.

Gyaran da anka yi

Larabcin ba a cire ba, shago na buƙatarshi. A Windows 10 munka bi Settings, Devices, Typing, Advanced keyboard settings, Input language hot keys, Change Key Sequence, munka sa Not Assigned a ɓangarorin biyu, don ɗayan Ctrl da Shift ne kuma shi ma Photoshop na yawan amfani da shi. Mai Windows 11 zai samu Typing ɗin ƙarƙashin Time & language. Canza harshe yanzu sai da maɓallin Windows da Space, wanda ba ya haɗuwa da komi cikin aikinshi. A wannan shafin dai munka kunna zaɓin da ke barin kowace taga ta riƙe harshenta, in ya bar Word kan Larabci kada ya biyo shi cikin hoto.

Cikin Photoshop munka ba babban akwatin zaɓen kalar gaba harafi nashi, don ba ya zuwa da ko ɗaya, yana can ƙasan jerin kayan aiki a shafin maɓallan yanke, munka sa mishi N da ba ta da aiki a na'urar. Munka adana jerin da suna, munka kwafe fayil ɗin a filas. Kalar baya kuma in zai gyara ta, ta murabba'in layin kayan aiki zai riƙa bi, ya bar na cikin akwatin kala.

Tunda muna wurin na sa ya canza faɗin tsotson daga ɗigo guda zuwa 5 sau 5. Wannan ba ya cikin ciwon, amma hoton atamfa da ya biyo ta WhatsApp an matse shi, ɗigo guda na iya faɗawa kan zare mai haske ko inuwa, matsakaicin ɗigo 25 ya fi kusa da abin da idon mai kaya ke gani.

Gwaji: jan FF0000 sau 20 da Alt, duka gaba ya zo. Faifan Shift da Alt sau 20, ENG ba ta motsa ba. Kashe na'ura da kunnawa, an sake, haka. Duka zaman bai kai awa biyu ba.

Bayan nan, da yadda nake ganin abin

Azumi ya wuce, cunkoson hotunan Sallah ya wuce, malam ya sake kawo aikin Larabci, ba ɗaya cikin biyun da ya dawo.

Kwana takwas abin ya ci, da kati 150, da data, da darare. A ganina abin da ya ja shi haka shi ne an ɗauke shi ciwo ɗaya alhali biyu ne da sunka shigo rana ɗaya ta dalilin aiki ɗaya, ɗaya zaune daram ɗaya mai zuwa da tafiya, to duk maganin da anka gwada sai ya taɓa rabi a ga kamar bai yi ba ko kuma a ga kamar ya yi duka. Gogewar Talata ita ta fi ɓatar da sawu, don ta warkar ba tare da ta nuna mi ta warkar ba. X ɗin nan kuwa amsar ce ƙarara tun Litinin, in musanya gaba da baya na kawo kalar to kalar na baya, sai dai mai kati 150 a wuya da Hajiya na jira ba ya da sararin wannan lissafin, ban ga laifinshi ba. Aron kibod ya yi daidai kuma da wuri, ya hana a kashe kuɗin canza na laftof.

Fomat da anka so yi, da an yi shi da ya yi aiki, wannan ne ma abin da ya fi damuna. Sabon Windows ba Larabci, sabon Photoshop zobe na gaba, kowa ya ce ai dama bairos ne, sai ranar da malam ya dawo da satifiket a sake ƙara kibod a sake taɓa murabba'in baya. Maigida ya yi daidai da ya tsaya, ko da yake hotunan mutane yake ji ba wannan ba. Hotunan nan na shekara uku har yanzu kwafinsu ɗaya ne, kan laftof ɗin, na yi mishi maganar hadis ya ce sai bayan Babbar Sallah.